Tandun Kwalli

A Birnin Kudu da Gwaram, da wuya a shiga ɗakin mai jego ba a iske tandun kwalli ba. Tun kafin suna kaka za ta rambaɗa wa jariri, wai don ido ya yi haske. Ƙauna ce ta sa, kuma ba kowace suruka ke iya hana ta ba.

Amma dutsen nan mai ƙyalli da a ke niƙawa, sau da yawa dalma ce. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka suka sa aka auna kwallin wani jariri, wanda aka kai daga Nijeriya, aka iske dalma ta zarce kashi 80 cikin 100. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan. Gubar kuwa sannu ta ke dakushe ƙwaƙwalwa, har yaro ya girma karatu na gagararsa, a ce daƙiƙi ne. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da ya ke can ƙurar dutsen zinariya ce sanadi.

Yanzu akwai wani ɗan tsinke mai auduga na gwaji a gida. A kan jiƙa shi, a goga wa kwallin, ko fentin bango, ko tukunyar da aka zuba da tarkacen ƙarfe. In ya rine ja, lalle akwai abin tsoro. In bai rine ba, kada a saki jiki, gama dalma kaɗan ta kan ɓuya masa. Wadda ta riga ta shiga jikin yaro kuwa, sai awon jini ke tona ta.