Ramin da Sauka cikinsa ta Fi Fita Sauƙi

A wannan makon mu 'yan aji biyu muka samu fili a allon kulob, kuma mun zaɓi mu ba ku labarin wani kwazazzabo da muka yi nazarinsa a zangon nan, da kuma roƙon da ya biyo bayan nazarin.

Sunansa Grand Canyon, yana jihar Arizona ta ƙasar Amurka. Tsawonsa kilomita 446 ne, wato kusan nisan Kano zuwa Abuja a mota. A wani wurin faɗinsa ya kai kilomita 29, zurfinsa kuma ya kai mita 1,800. Kogin Kolorado ne ya yi ta cin dutse a hankali, shekaru miliyoyi, har ramin ya kai haka. A 1869 wani tsohon soja mai hannu ɗaya, John Wesley Powell, ya jagoranci mutanensa suka bi kogin a ƙananan jirage. A 1919 gwamnati ta mayar da wurin gandun shaƙatawa na ƙasa. Amma tun kafin duk wannan akwai masu wurin. Ƙabilar Havasupai har yau suna zaune a ƙauyensu na Supai can cikin rami, kuma alfadarai ne ke kai musu wasiƙu.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne masu shiga ramin da ƙafa, kowa da jakarsa a baya, da tanti da abinci da ruwa. Mu da muka saba hawa dutse mun san da ƙarfinka kake fara hawa, in ka gaji sai ka gangaro. A can abin ya juye. Kana fara tafiya da gangara, jiki babu gajiya, kana murna. Sai ƙafa ta yi nauyi, ruwa ya ragu, sannan hawa zai zo. Ma'aikatan gandun suna gaya wa mutane cewa hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. Idan ka yi awa biyu kana gangarawa, to ka ware awa huɗu na dawowa. Suna kuma gargaɗi kada kowa ya ce zai sauka har bakin kogi ya dawo a rana ɗaya.

Sai maganar zafi. Bakin ramin na kudu yana da tudu sosai, har dusar ƙanƙara tana sauka a lokacin sanyi. Amma kana yin ƙasa zafi yana ƙaruwa, kuma a bazara ƙasan ramin yana wuce digiri 40. A nan muka yi dariya a aji, domin mun san irin wannan ranar a watan Afrilu. Dariyar ta tsaya da muka ji cewa mutane suna mutuwa a wannan hanya saboda zafi, har da matasa majiya ƙarfi. Mu a nan akwai inuwar darbejiya, akwai mai sayar da fiyawota a kowane lungu. A hanyar South Kaibab, mai tsawon kilomita 11, babu famfo ko ɗaya tun daga sama har ƙasa, kuma inuwa kaɗan ce. Shi ya sa da yawa suke sauka ta nan, su hau ta hanyar Bright Angel, wadda ta fi tsawo amma tana da wuraren hutawa da ruwa.

Mun yi lissafi a allo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai ɗaukar lita 4 ya ɗauki ledar fiyawota 8, kilo 4 ke nan tun bai saka tanti da abinci ba. Kuma ruwa kaɗai bai isa ba. Zufa tana fitar da gishirin jiki, wanda ya yi ta shan ruwa bai ci komai ba zai iya yanke jiki ya faɗi. Dole a riƙa cin abu mai gishiri. Nan take wata a cikinmu ta ce ashe ƙuli-ƙuli zai yi kasuwa a Amurka.

Akwai dokoki ma. Wanda zai kwana a cikin ramin sai ya nemi takardar izini. Ana son a guji tafiya daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a lokacin zafi. Duk sharar da ka shiga da ita, da ita za ka fito. Ba a ba kurege abinci, domin yana cizo. Idan alfadarai sun taho, mai ƙafa ne zai raɓe.

Ga roƙonmu. Tun da muka shigo makarantar nan ba a fita da ajinmu ziyarar ilimi ba, kuma mun san abin da malamai ke tsoro shi ne kada wani ya ji ciwo ko rana ta buge shi. Muna roƙon shugaban makaranta ya amince mu je dutsen bayan gari kafin hutu. Za mu tashi bayan sallar asuba, mu dawo kafin ƙarfe 10. Kowa zai zo da takardar amincewar iyayensa, da ruwansa, da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, da takalmi mai rufe ƙafa, da leda ta kwashe shara. Za mu yi tafiya daidai da saurin wanda ya fi kowa jinkiri, malami ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Duk wanda ke goyon baya ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da ke ƙasan allon nan kafin ranar Juma'a.

Daga ɗan aji biyu, a madadin 'yan ajinmu