Da Na Bar Shi a Kwance

Shekara 6 ke nan ina haɗiye wannan magana. Yau na ga gara in amayar da ita, domin irin kuskuren da na tafka kullum ana tafka shi a titunanmu, kuma yawancin masu yinsa mutanen kirki ne masu neman lada.

Wata Asabar ce bayan la'asar, muna dawowa daga ɗaurin aure a bayan garin Kano. Ina kan babur ɗina, ƙanena Auta yana kan nasa a gabana. Akuya ta gitta, ya taka birki a kan yashi, babur ya watsar da shi, ya faɗo ta ka. Babu hular kwano a kansa, ni ma babu a nawa. Na iske shi rigingine a gefen kwalta, idonsa biyu, ba jini sai 'yar ƙujewa a goshi. Na gan shi da idona yana tanƙwashe ƙafar dama yana miƙe ta. Wannan ƙafa ita ce ta daɗe tana hana ni barci.

"Yaya, wuyana," in ji shi. "Kada ka taɓa ni tukuna. Hannuwana kamar an jona musu wutar lantarki."

Na ce masa targaɗe ne kawai. Na sha ganin masu aski suna kama kan mutum su murɗa, wuya ya yi ƙas, mutum ya tashi yana murmushi. Na sa hannu ɗaya a haɓarsa, ɗaya a ƙeya. Wuyan ya sandare kamar icce, amma na juya shi dama, na juya shi hagu. Ya ƙwalla ƙara, na ce ya daure, namiji ne. Na tayar da shi zaune, wani bawan Allah ya kawo ruwan leda muka ɗura masa. Sa'an nan mu huɗu muka cicciɓe shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, kansa yana reto, muka naɗe shi a bayan A Daidaita Sahu. Duk ramin da muka faɗa sai kan ya yi tsalle a cinyata, ni kuwa ina ta ce wa direba ya ƙara wuta. Kafin mu isa asibiti, ƙafar da na ga tana motsi ta yi shiru.

Bayan an ɗauki hotuna, likita ya kira ni ofishinsa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, yaya kuka ɗauko shi?" Na kwashe komai na faɗa, har da juyin da na yi. Bai yi mini faɗa ba. Ya janyo wani ƙwarangwal na roba daga kan kanta, ya ajiye tsakaninmu, ya koya mini abin da ya kamata in sani tun kafin in mallaki babur.

Kan babban mutum, in ji shi, nauyinsa ya kai wajen kilo 5, kuma ƙasusuwa 7 ne jere kan juna suke ɗauke da shi. Bakwai ɗin nan ne a wuyan rago, su ne kuma a wuyan raƙumin dawa duk da tsawonsa. Na farko kamar zobe yake, ƙoƙon kai na zaune a kansa. Na biyu yana da ɗan turke da ya shige cikin zoben, kuma wajen rabin waiwayen da muke yi a kan turken nan yake juyawa. Ta tsakiyar ƙasusuwan akwai rami, ta nan laka ta sauko daga ƙwaƙwalwa, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Duk saƙon da kai zai aika wa jiki, da wanda jiki zai mayar, ta wannan siririyar hanya yake bi.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga mai ɗaukar jini, da mai ɗaure tsoka da ƙashi, da mai kai saƙo. Ta ukun ce likita yake nufi. Guda 8 ke fitowa daga lakar wuya ta kowane gefe, kowace da aikinta. Ta 3 da ta 4 da ta 5 su ke haɗuwa su sauka zuwa faffaɗar tsokar da ke ƙarƙashin huhu, wadda ke jawo numfashi. Shi ya sa wanda lakarsa ta yanke daga can sama ba ya iya numfashi sai da na'ura. Ta 5 kuma tana ɗaga kafaɗa ta lanƙwasa gwiwar hannu, ta 6 tana ɗaga tsintsiyar hannu, ta 7 tana miƙe gwiwar, ta 8 tana dunƙule yatsu. Auta tela ne. Da likita ya zo kan ta 8, sai na ji cikina ya ɗuri ruwa.

Ya ɗora yatsa tsakanin ƙashi na 6 da na 7, ya ce nan ne ya tsage ya goce, ya danne laka. Sa'an nan ya faɗi abin da ya fi komai ƙona ni. Ya ce in juya kaina gefe in shafa wannan doguwar tsoka da ke tasowa daga bayan kunne zuwa saman ƙirji, in kuma taɓa mai faɗin nan da ta sauko daga ƙeya ta bazu kan kafaɗu. Idan ƙashin wuya ya karye, su da ƙananan da ke ƙarƙashinsu sukan ɗaure tamau su hana wurin motsi, kamar karan da maɗori ke ɗaura wa karaya. Ashe sandarewar da na ji a hannuna ɗori ne jikin yaron ya yi wa kansa, ni kuma na sa ƙarfi na kwance.

Na tambaye shi kai tsaye ko ni na gurgunta ƙanena. Ya ce babu likitan da zai iya raba abin da faɗuwa ta yi da abin da ɗauka ta ƙara, domin kumburi kaɗai yakan sa rauni ya tsananta bayan sa'o'i. Na so in rataya a wannan magana in huta. Amma na ga ƙafar nan tana motsi, kuma na ji ƙarar da ya yi a hannuna.

An yi masa aiki, aka ɗaure ƙasusuwan da ƙarfe. Allah ya taimaka lakar ba ta yanke gaba ɗaya ba. Bayan fiye da shekara ana gashi, ya fara tsayawa, yanzu yana takawa da sanda. Yatsun ne ba su dawo ba. In zai sha shayi sai ya ɗaga tsintsiyar hannu sama, yatsun su lanƙwaso da kansu su rungumi kofin, dabarar da masu gashi suka koya masa. Almakashi kuwa ya gagara. Keken ɗinkinsa yana nan a zaure an lulluɓe shi da tsohon zane.

A gida kowa cewa yake ƙaddara ce, Inna ma har albarka take sa mini wai na yi wa ɗan'uwana tsaye. Ni ma na yi imani da ƙaddara, sai dai na san na mayar da ita bargon rufe laifina. Da Babbar Sallah ta zagayo, mahauci yana sara wuyan ragonmu, na ɗauki gunduwa ɗaya na ga farar lakar a cikin raminta. Na taɓa ta da ɗan yatsa, ta lotse kamar dafaffen ƙwai. A daren nan na shiga ɗakin Auta na faɗa masa komai.

Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Yaya, ai na sani. Ina ji lokacin da ka juya. Na yafe maka tun muna asibiti. Amma ka riƙa gaya wa mutane."

To ga shi ina gaya muku. Wanda ya faɗo ta ka, ko mota ta buge shi, yana kukan wuya, ko yana jin dindiris ko tsirar allura a hannu ko ƙafa, a ɗauka wuyansa a karye yake har sai hoto ya ƙaryata. A bar shi yadda aka same shi, in ba wuta ko ruwa ko motoci ke shirin cim masa ba. Mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kansa, ya tallafe kan da tafukan hannu biyu, yana yi masa magana. Kada a ba shi ruwa, kada a zaunar da shi, kada a fizge hular kwano matuƙar yana numfashi. A kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra, ko 112. In dole sai an ɗauka, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, a tokare gefen kan da naɗaɗɗen zane ko rawani. Bayan akori-kura ya fi masa A Daidaita Sahu sau dubu.

Bara na tarar da wani haɗari, jama'a sun riga sun kama hannuwan yaro za su ja. Na kutsa na durƙusa na riƙe kansa, ina roƙon kowa ya dakata. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Kai wane irin mara imani ne, yaro na kwance a rana ka hana a ɗauke shi?" Ban ji haushinsa ba, domin na taɓa zama shi. Na ce, "Baba, a yi mana inuwa da babbar rigarka, a aika a ciro ƙyaure." Ya yi jim, sa'an nan ya tuɓe rigar.