Abin da Muka Gano a Carolina ta Kudu

Tun da muka dawo daga Amurka, ni da Hajiya, duk wanda ya shigo yi mana barka da hanya tambayarsa ɗaya ce: "To, me kuka gano?" Mun maimaita a zaure har bakinmu ya gaji, shi ya sa muka ce bari mu rubuta, mutanen Sabo kowa ya karanta.

Jihar da muka je sunanta Carolina ta Kudu, a bakin tekun Atlantika. 'Yarmu ce ke aikin jinya a birnin Charleston, ta haifi na biyu, muka je ganin jariri. Surukinmu ya ɗauki hutu, ya ce sai ya zaga da mu.

Ya fara kai mu Myrtle Beach, tafiyar kamar awa biyu a mota. Nan 'yan yawon buɗe ido ke rububin zuwa: rairayi ne shimfiɗe wajen mil 60, ga otal-otal, ga wani ƙaton lilo mai juyawa da ke ɗaga mutum sama ya hango teku. Yara sun ji daɗi. Hajiya kuwa ta ce, "Alhaji, in dai ruwa ne ai mun gani a Ikko." Ga shigar mutanen wurin, sai dai mutum ya yi ta sunkuyar da kai.

Washegari muka shiga jirgin ruwa, rabin awa, zuwa Fort Sumter, wata ganuwar soja a tsakiyar ruwa. A nan aka harba igwar farko ta yaƙin basasar Amurka ranar 12 ga Afrilu 1861, yaƙin da ya ƙare a 1865 aka haramta bauta. Mun kuma je tsibirin Johns ganin bishiyar Angel Oak, wadda ake kiyasin ta shekara 300 zuwa 400. Rassanta sun yi nauyi har sun kwanta a ƙasa. Ba a biyan ko sisi.

Inda tafiyar ta fara taɓa mu shi ne tsohuwar kasuwar Charleston. Muna tafe Hajiya ta tsaya cak gaban wata dattijuwa baƙar fata tana saƙa da ciyawa. Ta ce, "Alhaji, wannan ai faifai ne!" Faifai ne kuwa, ɗinkinsa zagaye-zagaye irin namu. Mutanen ana ce musu Gullah, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Matar ta ce kakarta ce ta koya mata, kuma asalinsa na bakacen shinkafa ne. Tsada gare shi ƙwarai, ƙarami kawai muka iya saye.

Daga nan muka fahimci abin da muka gani a gandun Magnolia, wanda aka kafa a 1676 a bakin kogin Ashley. Yau lambun furanni ne, har da kadoji kwance a gefen ruwa, amma da can gonar shinkafa ce, kuma ɗakunan bayi na nan tsaye. Turawan gandu sun fi neman mutanen Senegal da Gambiya da Saliyo, don su suka iya noman shinkafa. Har yau abincin garin yana nuna haka: jar shinkafa kamar dafa-duka, miyar kuɓewa, alawar riɗi. Sai dai a tambaya kafin a ci, don sukan sa naman alade.

Ranar ƙarshe muka je gidan tarihin baƙaƙen Amurka da aka buɗe a 2023 a tashar Gadsden, inda jiragen bayi suka riƙa sauke mutane. An ɗora ginin a kan ginshiƙai don girmama ƙasar wurin. Mun taɓa zuwa Badagry mun ga inda ake lodi, yau ga mu a inda ake saukewa. A nan surukinmu ya ba mu labarin Umar ɗan Sa'idu, malami daga Futa Toro, wanda aka sauke a Charleston a 1807. A 1831 ya rubuta tarihinsa da Larabci, ya buɗe da Suratul Mulk. Yana bawa ya rasu, amma rubutun na nan ajiye a birnin Washington.

Muna fitowa, babban jikanmu mai shekara bakwai ya tambayi abin da ya sa kaka take hawaye. Da Turanci ya yi tambayar, sai da uwarsa ta fassara. Ko "ina kwana" bai iya amsawa ba. Wallahi wannan ya fi komai tsaya mana a rai. Waɗancan da sarƙa aka kai su, amma sun riƙe faifai da shinkafa da alƙalami. Mu kakanninmu da ƙafarsu suka zo kurmi fataucin goro da shanu, ba wanda ya ƙwace mana komai. To amma yau a Sabo yara nawa ne za su karanta wasiƙar ajami da kakansu ya bari? Jin Yarabanci alheri ne, da maƙwabta muke zaune. Sakin namu ne abin tsoro.

Mun yi wa 'yarmu faɗa, ta ce, "Baba, ku ma ku duba na gida." Ba mu da ta cewa. Yanzu duk Lahadi muna kiran yaron a waya, Hausa zalla, kuma ya fara amsa "lafiya lau". Na gida kuwa mun mayar da su wurin malam da yamma.

Wanda Allah ya nufa da zuwa, ya nemi watan Maris ko Afrilu, don daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne, ga zafi mai gumi a tsakiyar shekara. Faifan yana rataye a zaurenmu, mai son gani ya shigo.