Mai Gasa Katako a Sabon Gari

Kayan injin markaɗe na je nema Kano daga Katsina, ana tsakiyar hunturu. Hanyar babu abin faɗa a cikinta: Charanci, Kankiya, Tsanyawa, Bichi, Dawanau, sai ga mu a Ƙofar Ruwa. Daga nan adaidaita sahu ya ratsa da ni ta Fagge ya sauke ni bakin kasuwar Abubakar Rimi, wadda kowa ya fi sani da kasuwar Sabon Gari. Mai shagon da aka haɗa ni da shi ya ce kayan suna hanya daga Legas, in dawo gobe. Goben ɗan kasuwa kuwa kowa ya san tsawonta.

Na kama ɗaki a wani masauki da ba zan so wa maƙiyina ba. Fanka ba ta juyi, famfo ba ya ɗiga, katifa kuwa kuɗin cizo sun riga ni biyan kuɗinta. Janaretan maƙwabta ya kwana yana gunji a gindin tagata, kiɗan mashaya na amsa masa daga tsallaken titi. A garinmu a ce baƙo ya kwana a ɗakin haya alhali akwai zaure, abin kunya ne ga unguwa duka. A nan kowa ta kansa yake yi.

Ana idar da sallar asuba na fita zaga gari, tunda barci ya ƙi. Unguwar Sabon Gari Turawan mulki ne suka yanka wa baƙi 'yan kudu wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shi ya sa titunanta suke a miƙe, sunayensu ma na baƙunta: France Road, Igbo Road, Abeokuta, Enugu, Gold Coast. A wani lungu can ciki na ji ƙamshin gawayi haɗe da na jiƙaƙƙen katako. Na ɗauka mai ƙosai ce. Ashe wani dattijo ne mai furfura, zaune a ƙofar shago, yana gasa katako a kan bututun ƙarfe.

Na yi sallama. Ya amsa da Hausar da ta fi tawa Kananci, don a Sabon Gari aka yanke cibiyarsa, ko da yake iyayensa daga kudu suka zo.

"Baba, itace ne ya yi maka yawa kake ƙonawa?"

Ya yi dariya ya turo mini benci. "Zauna, Malam, ka ga yadda ake sa katako ruku'u."

Kafinta ne, amma abin da ya fi ci da shi gyaran jita da ganguna na coci-coci da makarantun unguwar. Abin da yake haɗawa ranar wata 'yar ƙaramar jita ce mai tsirkiya huɗu, ana ce mata ukulele, wata makaranta ta ba shi aikin guda-guda don koya wa yara. Asalinta daga tsibiran Hawai ne, inda kafintocin Fotugal daga tsibirin Madera suka sauka a 1879 da 'yan molayensu, mutanen wurin suka karɓe su suka mai da nasu.

Murhun shi ne abin kallo. Guntun bututu ne mai kaurin damtsen ƙato, mai walda ya kafa masa ƙafafu, ya toshe baki ɗaya ya bar 'yan ƙofofin shan iska. Baba yakan ɗebo garwashi daga kurfoti ya ɗura a ciki, yaronsa na fifita da mafici. Ba shi da ma'aunin zafi. Ruwa yake ɗigawa a bayan ƙarfen: in ɗigon ya kwanta yana tafasa, da saura, in ya yi tsalle yana rawa, ya yi daidai, in kuwa ya ɓace nan take, a rage garwashi, in ba haka ba katako ya yi baƙi. Masu auna abin da na'ura suna cewa wajen digiri 150 ake so.

Katakon an fere shi siriri, kaurinsa kamar milimita 2. Yakan shafa masa ruwa, ya ɗora a kan bututun yana lilo da shi gaba da baya, yana dannawa da tafin hannu, da wani sillen kwano a bayansa don kada ya tsage. Sai ka ji cuu, tururi ya tashi. Da fari katakon na gardama. Can sai ka ga ya saki jiki ya bi hannun, domin zafi da laima suna sassauta ƙaron da ya riƙe zaruruwan itace, in ya huce kuma ya sandare a yadda aka bar shi. Ƙugu ake fara lanƙwasawa, nan ne wuya, nan ne ake asara. Ya nuna mini kwandon karyayyu a ƙarƙashin tebur ba tare da wata kunya ba. Wanda ya lanƙwasu sai ya sa shi a wani ƙwarangwal na fale-falen katako mai siffar lamba 8, ya ɗaure da robar tsohon tub na babur, ya bar shi ya kwana.

A kusurwar shagon akwai wani akwati da ƙura ta rufe. Shi ma na gasa katako ne, da ƙwayayen lantarki masu wat 200 a cikinsa, ya ce haka masu sana'ar a Amurka suka daɗe suna yi. Abu biyu suka kashe shi: wutar da ba ta zama, da kuma ƙwayayen zamani da suka cika kasuwa, masu haske babu zafi. Gawayi ne bai taɓa ba shi kunya ba.

Ni dai na tashi cikin masassaƙa, kuma ban ɓoye masa ra'ayina ba. Mu ba ma lallashin itace. Gungume ake samu a bi shi da gizago a rarake, a fitar da kalangu ko molo, ko a ɗauki ƙwarya a rufe da fata a sami goge da gurmi. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zaga duniya. Abin da aka sassaƙa daga itace guda ya faɗi ƙasa ya tashi lafiya, wannan kuwa da gam aka harhaɗa shi, yaro ya zauna a kai an gama. Baba bai musa ba. Ya ce kawai in ƙirga ukulele nawa zai fitar daga gungumen da muke mayar da rabinsa ɓawon hura wuta. Na ce masa ai ɓawon ma tuwo yake dafawa.

Da na tambayi sunan katakon mai ja-ja, ya ce in sansana. Maɗaci ne, wanda kakata ke jiƙa mana sassaƙensa in ciki ya murɗa. Masu jita a Turai da Amurka suna sayensa da sunan mahogani na Afirka. Ya kaɗa mini wata da ya gama. Sautinta siriri ne, mai fara'a, amma a kunnena bai kama ƙafar gurmi ba.

Da ya ji inda na kwana, ya kama baki. Matarsa ta aiko da shayi da burodi, da rana kuma sakwara da miyar agushi, ya riga ni cewa naman daga mahautan Fagge ne, in ci da kwanciyar hankali. Da yamma ya sa yaronsa ya kwaso jakata ya kai ni gidan wani amininsa tela a Fagge, aka shimfiɗa mini tabarma da bargo a shagon ƙofar gida, kusa da masallaci. Na yi barci har da minshari.

Sauran zaman jira ne da ciniki. Kayan suka iso, ɗaya bai yi daidai ba aka canza, na leƙa Kantin Kwari na yanko wa iyali atamfa, na nufi tasha.