Sheƙin Kwana Goma: Abin Da Baƙar Motar Maigidana Ta Koya Mini

 Yau na zo muku da labarin wani abu da ya faru da ni a gidan aurena, wanda har gobe in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi, amma na ga gara in tona asirin kaina ko wata ta tsira.

An ɗaura mini aure a ƙarshen shekarar 2021, aka kai ni wata sabuwar unguwa a bayan garin Kano. Maigidana ma'aikaci ne, ba mai kuɗi ba, sai dai rufin asiri. Shekara huɗu yana tari kafin ya sayi wata baƙar Corolla ta hannu. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai ji da abu kamar yadda yake ji da motar nan ba. Har tsokanarsa nake yi in ce ai ita ce uwargida, ni amarya ce kawai na tarar da ita. Sai ya yi dariya ya ce, "To ki yi mata biyayya ku zauna lafiya."

Muna da wani almajiri ɗan kimanin shekara 13, yaro mai natsuwa, ba ya ɗaga ido ya kalli mutum. Shi ke mana shara da aike, kuma duk ranar Alhamis da ba su da karatu shi ke wanke motar. Abincinsa na rana da na dare a gidanmu yake, ga ɗan abin da Maigida ke ba shi duk mako, da shi yake sayen sabulu da tawada.

To, a watan Janairun 2022 hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Kun dai san baƙar mota da ƙura, a wanke da safe, kafin azahar ta koma ruwan ƙasa. Kullum Maigida sai ya tsaya ya kalle ta ya yi tsaki. Ni kuwa da zumuɗin amarci sai na ce bari in yi abin da zai burge shi. Ranar da na fita unguwa na biya wani kanti, na ga wata kwalba mai bakin fesawa, da hoton mota tana walƙiya a jiki. Mai kantin ya ce, "Hajiya, wannan man sheƙi ne, fesawa kawai za ki yi ki goge, minti biyar mota ta koma sabuwa." Na zare kuɗin da Umma ta ba ni na saya, na ɓoye a ƙasan akwati. Bayanin da ke jikin kwalbar kuwa ko kallonsa ban yi ba.

Ranar Asabar bayan azahar Maigida ya kwanta. Na lallaɓa tsakar gida, mota na tsaye cikin rana, ƙura ta yi mata lulluɓi, jikinta da zafi kamar tanda. Na ɗauko wani tsohon tawul, na fesa man a kan murfin inji, na shiga dirza da iya ƙarfina ina zagayawa kamar mai wanke tukunya. Na gama na koma ƙofar direba. Sai da na ja da baya don in ga aikina, gabana ya yanke ya faɗi. Inda duk na goge ya yi wasu siraran zane-zane kamar saƙar gizo-gizo, rana na haska su, a ƙofar kuma ga wani dogon kwarzane guda. Inna lillahi! Garin gyaran gira zan rasa ido.

Jikina na rawa na ɗauko wani tsumma mai laushi, na ƙara fesa man da yawa, na shafa a hankali. Abin mamaki sai zanen ya dushe, wurin ya ɗauki sheƙi. Na bi sauran jikin motar na share sama-sama, na mayar da kwalba akwati, na yi gum da bakina. Da la'asar Maigida ya fito ya ga mota na ɗaukar ido, ya zaci yaron ne ya yi ƙwazo, har ya ƙara masa naira 200. Yaron ya karɓa yana kallon ƙasa, bai san dalili ba. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, na sha.

Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne. Alhamis biyu yaron ya wanke motar da garin sabulun wanki kamar yadda ya saba, man nan ya tafi gaba ɗaya. Ranar Juma'a Maigida zai fita masallaci, rana tsaka, sai na jiyo salatinsa. Na leƙa ta taga na gan shi tsaye a kan murfin inji, ga yaron a durƙushe.

"Kai, da me ka wanke mini mota? Da soson ƙarfe?"

"Wallahi Yallaɓai da tsumman da ka ba ni ne."

"Ka yi ɓarna kuma ka rantse mini? Tashi ka tafi, kar in sake ganinka a gidan nan."

Bai dake shi ba, don ba halinsa ba ne. Amma yaron ya ɗauki ɗan kwanonsa, ya zo bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Anti, sai wata rana, ki yafe mini in na taɓa yi miki laifi." 'Yan uwa, ni ya roƙa gafara! Bakina ya yi nauyi, na kasa cewa komai. Tsoro nake kar a ce amarya ko wata uku ba ta yi ba ta fara ɓarna da ɓoye-ɓoye.

Kwana tara na yi ina ɗauke da abin nan. In na zuba abinci sai in ga na saura da kason yaron a tukunya, in rasa yadda zan yi da shi. Dare biyu ina fita a sace in fesa man a wurin, wai ko zanen zai ɓace Maigida ya huce. Ya kan dushe kwana kaɗan ya dawo. Sallah ma in na tayar sai fuskar yaron ta tsaya mini.

Ranar Lahadi za mu je gaida Umma, sai Maigida ya ce bari mu biya wajen wani dattijo mai gyaran fentin mota a wajen Ƙofar Ruwa. Ina zaune a gaba, gilashi a sauke, ina jin komai. Dattijon ya zagaya motar, ya shafa murfin inji, ya duƙa ya kalle shi ta gefe, sannan ya sa farce a kan dogon kwarzanen.

"Alhaji, wannan ba aikin mai wanki ba ne," in ji shi. "Wanda ya wanke da ruwa ba ya barin irin wannan a wuri biyu kawai. An goge ta ne a bushe, da ƙura a jikinta, kuma cikin rana. Dubi nan." Ya nuna baƙar robar da ke ƙasan gilashi, inda wani fari-fari ya bushe. "Man fesawa ne wannan. Wani ya fesa mata a kan ƙura ya dirza."

Maigida ya ce, "Baba, ni ban taɓa sayen irin man nan ba."

Dattijon ya ce, "To, akwai wanda ya saya."

Duk sanyin hunturun nan gumi ya jiƙa mini hijabi. Dattijon ya ci gaba da bayani, ya ce mutane na haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Man sheƙi, wato kakin mota, shimfiɗa yake yi a saman fenti, ya cike ƙananan zane ya rufe su, ya sa ruwa ya riƙa gangarewa. Ba ya cire zane ko ɗaya, in ya wanke sai abin da ke ƙasa ya fito yadda yake. Folish kuwa akwai ɗan gari mai laushi ƙwarai a cikinsa, yana cin fatar fenti kaɗan har ta daidaita da zurfin zanen. Ya ce, "Shi ne gyara na gaskiya, amma sai mota ta rasa wani abu daga jikinta. Wancan rufi ne kawai."

Wallahi ji na yi kamar da ni yake. Kwana tara ina fesa wa laifina mai.

Muna barin wurin, kafin mu kai gidan Umma, na ce, "Yaya, don Allah ka tsaya." Ya gangara gefen titi. Na fashe da kuka na faɗa masa komai, tun daga kanti har fitar dare. Ya yi shiru ya kifa kai a kan sitiyari, shirun da ya fi mini zagi ciwo. Can ya ɗago ya ce, "Mota ƙarfe ce, kuma don ki faranta mini kika yi, da a ranar kika faɗa da dariya zan yi. Amma kina kallo na zalunci yaro, na ƙaryata rantsuwarsa. Da me zan amsa wannan gobe kiyama?"

Ba mu je gidan Umma ba ranar. Makarantar allon su yaron muka nufa. Muka gaida Malaminsu, Maigida ya yi bayani bai ɓoye komai ba, aka kira yaron. Ya rame, ƙafafunsa sun yi faso. Ashe tun da ya bar gidanmu bara ya koma. A gaban Malam na ce masa, "Ni na ɓata motar, ba kai ba. Ka yafe mini don Allah." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai Anti, na yafe." Malam ya ce mana gaskiya ɗaci gare ta, amma ba ta taɓa kashe mai ita ba. Washegari yaron ya dawo, Maigida ya biya shi kuɗin makonnin da ya rasa, ya ɗinka masa kaya.

Motar kuwa wuni guda ta yi a wajen dattijo, kuɗin da aka kashe ya ninka na kwalbata sau da yawa. Saƙar gizo-gizon ta fita tas. Dogon kwarzanen ƙofa dai ya ce ba zai bi shi ba, don duk zanen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya yi zurfin da folish ba zai kai ba, sai dai sabon fenti. Maigida ya ce a bar shi. Yana nan har yau.

Bayan haka na zauna na karanta a kan abin da na yi wa karambani, ga kuma abin da na samo, don na san da yawanku akwai motar Baba ko ta Yaya a gida, wasu ma taku ce. Fatar sama ta fentin mota, wadda ba ta da launi kuma ita ke ba da ƙyalli, kaurinta bai fi maikiron 40 zuwa 50 ba, ko silin gashin kai ya fi ta kauri. Ƙurar hunturu kuwa daga Sahara iska ke kwaso ta, da yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, kuma ɓarɓashinta ya fi fenti tauri. Goge mota a bushe daidai yake da dirza ta da yashi.

Man fesawa iri-iri ne. Akwai mai kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Burazil. Sheƙinsa da kyau, amma na fesawa makonni kaɗan yake yi, zafin rana irin namu ma na rage masa kwana. Akwai na haɗin sinadari da wanda ake kira siramik, su kan yi watanni in an kula. Akwai kuma na share 'yar ƙura ko shatin yatsa bayan wanki, wanda ba a yi shi don mota mai datti ba. Kowanne kika samu, ƙa'idar ɗaya ce. A fara kwarara ruwa ƙura ta sauka, a wanke da sabulun mota, don garin sabulun wanki da na kwanuka suna cire man. A yi aikin a inuwa, jikin mota da sanyi. A fesa kaɗan, ɓangare ɗaya bayan ɗaya, a shafa da tsumman maikurofaiba mai tsabta, a juya busasshen gefe a goge ba tare da dannawa ba. Kar a fesa a gilashin gaba, ko taya, ko birki, ko sitiyari, saboda santsi. In kina son sanin ko man na nan, zuba ruwa: in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa yana nan, in ya shimfiɗe ya kwanta to ya ƙare. Uwa uba, ki karanta jikin kwalba, ki kuma nemi izinin mai mota. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu duk Alhamis ni da yaron muke aikin, shi ya wanke, ni in fesa in goge, Maigida na zaune yana mana dariya wai uwargida ta samu masu hidima. In na zo kan ƙofar direba tsummana ya bi ta kan kwarzanen nan, sai in yi istigfari.

Ƙannena, kuskure ba wanda ya fi ƙarfinsa, a makaranta ne ko a gidan iyaye ko a ɗakin miji. In kin yi, ki faɗa tun da zafinsa, kafin a ɗora wa wanda ba shi da bakin kare kansa. Ni na yi sa'a yaron na kusa, na same shi na roƙe shi. Da ya koma garinsu fa?

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu ne, Ya raba mu da ɗaukar alhakin bayinSa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum, 'yar uwarku daga Kano.