Gayyar majami'a

Ruwan madatsar Tiga da ke shayar da gonakin Kura da Bunkure bi da bi yake tafiya. In manomin da ke sama ya yi ƙyuya, ya bar laka da ciyawa suka toshe magudana, tumatirin na ƙasa ne zai yi yaushi. Haka nake ganin zaman ikilisiya.

Majami'ar ƙauye ba ta da kuɗin ɗaukar ma'aikata. Matan zumunta ke shara, samari su jera benci, wani dattijo ya ƙirga baiko a gaban shaidu. Lokacin dashen shinkafa kuwa, mutum ya wuni sunkuye cikin taɓo, ƙugu na ciwo, amma ya wanke ƙafa ya zo koyon waƙa da yamma. Wannan ma, a ganina, kamunkai ne, wanda Manzo Bulus ya ambata a Galatiyawa 5.

Zuwan ma da sauƙi. Mai wuyar shi ne a yi aikin ba gunaguni, musamman in wanda aka haɗa ka da shi jiya kun yi cacar baki a kan ruwa, kuma ka tabbata kai ke da gaskiya.