Cokalin tarakta ba fartanya ba ne

Ga labarin wani aiki da aka yi a ƙasar Dawce, kusa da Matamai, a kakar 2023, bayan an gama kai hatsi rumbu.

A wani ƙauye can akwai ƙungiyar masu noman rani, maza da mata. Lambunsu ya daɗe. Iyayensu suka shinge shi bayan farin 1984, shekarar da ake kira El Buhari, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ce kowa ya nufi fadama. Shekara da shekaru iskar hunturu tana kwaso rairayi tana zubawa a gefe guda, ruwan damina kuma yana zaizaye ɗaya gefen. Lambu ya zama tudu da kwari. In an tada injin ban ruwa, fangalin da ke kwari ya cika har albasa ta ruɓe, na kan tudu kuwa ko jiƙa bai yi ba. Kowace shekara sai an yi faɗa kan wannan.

Sai ƙungiya ta yi karo-karo ta ɗauko hayar tarakta wajen wani ɗan kasuwa, irin mai babban cokalin ƙarfe a gaba, wadda ke loda yashi da tsakuwa a mota. Aka yi ciniki kan kuɗin yini, gazuwal kuma na ƙungiya. Tun nan aka fara kuskure, ba wanda ya lura. Wanda ya biya kuɗin yini, idonsa na kan rana.

Direban yaro ne, bai wuce shekara 22 ba. Gwanin lodi ne, amma bai taɓa baje ƙasa ba. Da safe ya fara a hankali. Da rana ta take tsaka sai mutane suka fara magana. Ma'ajin ƙungiya ya matso ya ɗaga murya ya ce, "Kai yaro, danna mana! Kuɗinmu ke ƙonewa."

Yaro ya ji kunya. Ya kifa cokali har bakinsa ya tsaya tsaye cikin ƙasa kamar bakin fartanya, ya danna har ƙafafun gaba suka bar ƙasa, ya ja da baya da ƙarfi. Ƙasa ta biyo shi tuli guda. Mata suka yi guɗa. Ya sake, ya kuma sake. A karo na huɗu aka ji wata ƙara, tarakta ta girgiza ta tsaya. Ashe akwai kututturen goruba binne cikin rairayi, gefen cokali ya kama shi. Da yaro ya sauko, ya tarar da sandar ƙarfen nan ta hannun dama ta lanƙwashe kamar baka, mai yana tsiyaya a ƙasa.

Ya kamata a fahimci abin da ya faru, don ba tsautsayi ba ne kawai. A kowane gefen cokali akwai bututu, cikinsa akwai sanda mai sheƙi, kaurinta kamar ƙotar fartanya. Mai ne ke tura ta waje, shi ke mai da ita ciki. In cokali yana kwance, yawancin sandar na cikin bututu, a ɓoye. In an kifa shi, kusan duk tsawonta na waje. To, ku ɗauki guntun kara ku tokara shi da bango, ba zai yi komi ba. Ku ɗauki dogon kara ku yi haka, nan take zai lanƙwashe. Da tarakta ke ja da baya, kututture ya riƙe bakin cokali, nauyin tarakta duka ya koma kan doguwar sandar nan, yana son ya cusa ta ciki. Man da ke bayanta kuwa a rufe yake, ba shi da wurin gudu. Dole ƙarfe ya ba da kai. Shi ya sa littattafan masu ƙera waɗannan injuna da yawa suka ce in za a ja da baya, kada karkatar cokali ta wuce digiri 15. Kaɗan ne ƙwarai, ɗan sunkuyar da baki ne kawai.

Da lokacin lafiya ne, da an bi ta Ɗan Barto da Daura an nemo wata a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Amma iyaka tana rufe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a buɗe ta ba sai Maris na 2024. Wani mai walda ya ce a ba shi ya gasa ta ya miƙe. Mai tarakta ya ƙi, kuma ya yi daidai. Sandar da aka gasa, sheƙinta ya tafi, ta riƙa cin robar bakin bututu, yoyo ba zai ƙare ba. Sai da aka kwana 12 kafin aka samo wata tsohuwa a Damagaram. A cikin kwanakin nan irin albasa ya wuce lokacin dashe, na wasu mata ma ya bushe.

Da tarakta ta dawo, mai ita ya haɗo yaron da wani tsohon direba, mai furfura, wanda ya fi shekara 30 yana wannan aiki. Mutane suka zaci zai hau nan da nan. Bai hau ba. Ya ɗauki sandar rodi ya zaga lambu da ƙafa, yana soka ta cikin ƙasa. Ya tambaya, wa ya san wurin nan tun kafin a shinge shi? Aka kirawo wata tsohuwa. Ya durƙusa ya gaishe ta ya ce, "Iya, nuna mini inda itatuwa suka tsaya da." Ta bi da shi tana nunawa da sandarta, nan goruba biyu, can aduwa, can tsohuwar rijiya da aka cike. Samari suka haƙe kututture biyar da dagi da gatari. Rijiyar kuwa aka kafa mata ƙaya, don ƙafar tarakta na iya nutsewa a irin wannan wuri.

Daga nan ya sa aka kafa turaku, aka auna su da farin tiyo cike da ruwa, aka ja igiya. Ido yana ruɗin mutum a fili, ruwa ba ya ruɗi. Ya duba iskar tayoyin gaba, ya ce in ɗaya ta fi ɗaya, cokali zai karkace, duk inda ya bi sai ya bar gefe guda da zurfi. Ya sa giris a kowace gaɓa. Sai da hantsi ya yi sannan ya tada inji.

Abin da ya fara yi ya ba mutane mamaki. Ya kwashe baƙar ƙasar sama, kamar taƙi guda, ya tara ta gefe. Ya ce wannan ita ce abincin albasa, takin shekara 40 ne a cikinta. In aka tura ta cikin kwari aka binne, za a samu lambu shimfiɗaɗɗe amma mayunwaci.

Sannan ya fuskanci tudu. Yana tafiya gaba, cokali a kwance, yana yankar ƙasa kaɗan-kaɗan, kaurin yatsu uku. In ya cika ba ya ɗaga shi sama, ƙasa-ƙasa yake tafiya da shi har kwari, ya zazzage. Sai ya kwantar da cokali, ya tura ƙarfen hannu gaba har ƙarshe, inda yake maƙalewa. A nan mai ya saki hannuwan cokali, ba abin da ke danna shi sai nauyin kansa. Ya ja da baya, gindin cokali na shafe ƙasa kamar yadda magini ke shafe daɓe. In ya gamu da wani abu mai tauri, sai ya hau ya wuce. Ƙafafun gaba ba su taɓa barin ƙasa ba. Tafiyar kuma ba ta fi ta mai tallar nono ba. Gawo uku da ke cikin lambu ya kewaye su daga nesa, don saiwa. Sau biyu yara suka matso kallo, sau biyu ya ajiye cokali ƙasa ya kashe inji, har sai da aka kore su.

Ma'aji ya kasa haƙuri. Ya ce, "Baba, a wannan tafiya ai sai mu kwana uku."

Tsoho ya ce, "Ɗana, gaggawa kwana nawa ta ci muku?"

Ma'aji ya yi shiru ya koma inuwa.

Kwana uku ɗin kuwa aka yi. A rana ta biyu tsoho ya sauka ya ba yaron, ya tsaya gefe yana yi masa alama da hannu. Yaron ya iya, don ba daƙiƙi ba ne, ba a taɓa nuna masa ba ne. A rana ta uku aka mai da baƙar ƙasa, aka ja fangali, aka saki ruwa. Ya bi kowane fangali, har na ƙarshe.

Saura batun kuɗin sanda. Aka zauna ƙofar maigari. Mai tarakta ya ce ƙungiya ta biya, tun da ba ta faɗi akwai kututture ba. Ƙungiya ta ce direbansa ne ya karya. A ƙarshe aka raba biyu, mai tarakta kuma ya cire rabonsa daga albashin yaron. Wannan hukunci bai cika ba. Hannun yaro ne ya danna, gaskiya ne, amma bakuna da yawa suka ce ya danna, kuma duk masu bakin suna zaune a wurin. Tsohuwar nan kaɗai ta faɗi haka. Ta ce, "Ranka ya daɗe, har da guɗata a ciki." Aka yi dariya aka tashi.

Matan da irinsu ya bushe sun sayo wani a kasuwar Kance. Yaron kuwa sai da ya yi wata huɗu ana yankar albashinsa.